Gidan Gado da Idon Kamara

A da, cinikin gida a Damagaram da baki ake fara shi, da ƙafa kuma ake ƙarasa shi. Dillali zai ji ƙishin-ƙishin a bakin masallaci ko a rumfar wani a Kasuwar Dole, ya kai wa wanda yake zaton yana da hali, su sa rana, su taka har ƙofar gidan. Mai saye zai tsaya a zaure sai an yi masa iso, mata su shige ɗaka, sannan a zaga da shi cikin hanzari, kansa a sunkuye, yana satar kallon azara da gindin bango. Abin da ya gani a wannan ɗan lokaci, da abin da maƙwabta suka tsegunta masa, shi ne iyakar saninsa game da gidan. Yau kuwa kafin mai saye ya ɗaga ƙafa sai ya ce a turo masa hoto. Yana iya kasancewa a Yamai, ko Agadas, ko Kano, ko wata ƙasar da neman abinci ya kai shi. Tun da aka buɗe jami'a a garin, aka kuma fara aiki a matatar mai ta SORAZ a shekarar 2011, baƙi masu neman muhalli sun ƙaru, kuma yawancinsu ba su san lungu ba, ba su san dattawan unguwa ba, salula kawai suka sani. Dillalai da yawa sun koma masu shafi a Facebook da zauruka a WhatsApp, la'adarsu ta rataya a kan hotuna goma ko goma sha biyu da za a shafa da ɗan yatsa a wuce.

Wannan yayi ne ya riski wani tsohon malamin makaranta, wanda ɗalibansa na da, masu furfura su ma a yanzu, ba su daina kiransa Mushe ba. Gidan mahaifinsa yana cikin Birni, a wani lungu da mota ba ta shiga, kusa da manyan duwatsun nan da suka riga kowa zama a garin. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, amma ba a raba gado ba, domin matarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a ciki da jikoki, kuma babu wanda ya iya buɗe baki. Daminar 2024 ce ta buɗe bakin. A ranar 3 ga Satumba ta wannan shekara, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, hoton faɗuwarsa kuma ya zaga duniya tun ƙura ba ta lafa ba. Magada goma sha ɗaya, waɗanda rabonsu da haɗuwa tun sadakar arba'in, suka sami kansu a kan magana ɗaya: idan masallacin da gari duka ke kallo ya faɗi, ina ga gidan da tsohuwa ɗaya ke riƙe da shi? Shari'a ta yanke wa matar mamaci tumuni, ta ba namiji rabon mata biyu, amma soro ba ya yankuwa kashi-kashi kamar gona. Aka ce a sayar tun yana tsaye. Da yake Mushe ne babba a cikin mazan da ke gari, wuƙa da nama suka faɗa hannunsa, kodayake bai roƙa ba.

Dillalin da ya zo yaro ne mai ladabi, ɗan ɗalibinsa ne ma. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa ya gai da Inna, ya zaga gidan sau biyu bai ce uffan ba. Da suka fito waje sai ya sosa ƙeya ya ce:

“Baba, a yi mini haƙuri. Gidan nan yana da kyau, amma ya cika mutane.”

“To, ai don mutane aka gina shi.”

“Haka ne, Baba. Amma mai saye so yake ya ga inda shi zai zauna. In ya ga kayan wasu, gidan wasu yake gani.”

Maganar tana da ɗaci, amma ba ƙarya ba ce, kuma ba a Damagaram aka ƙirƙiro ta ba. A Amurka da Faransa sana'a ce sukutum: a kwashe hotunan iyali daga bango, a rage kujeru, a shafa fenti marar hayaniya, wani lokaci ma a yi hayar kayan ɗaki na kwana biyu don hoto kawai. Abin da ake nema shi ne gida ya zama kamar riga a shagon tela, wadda kowa zai iya ƙiyasta kansa a ciki. Sai dai can ana gyara ɗakunan da tun asali an gina su don baƙo ya shiga ya gani. Gidan Bahaushe kuwa da akasin wannan niyya aka gina shi. Ƙofar zaure ta waje ba ta kallon ta ciki, don kada idon mai wucewa ya zarce. Bayan zaure akwai ƙofar gida, bayan ta akwai shigifa, kowane mataki yana rage adadin waɗanda aka yarda su wuce, har a kai tsakar gida inda namiji baligi ba ya shiga sai muharrami ko wanda lalura ta kawo. Duk hikimar magini ta tafi ne a kan karya hanyar ido. Ga shi yau an ce a ɗauki ɗan gilashi a shiga da shi har ƙuryar ɗaki, a watsa abin da ya gani ga duk mai lambar dillali. Mushe, wanda ya shekara talatin yana koya wa yara cewa hoto ba ya ɗauke kurwar mutum, ya kwana yana juyi.

Aikin kwashewa ya ci kwana huɗu. An fara da abin da ba ya jawo magana: igiyar shanya, tsofaffin tayoyi, buhunan gawayi, kejin kaji. An kai awaki gidan maƙwabta, an tone turke, an cike ramin. Sai aka zo kan jarkoki. Akwai su fiye da ashirin jere a gindin bango, rawaya da shuɗi, wasu sun ƙoƙe saboda rana. Dillali ya nace a ɓoye su duka, har da gangar ƙarfe, domin a cewarsa jarka ɗaya a hoto ta isa ta gaya wa mai saye cewa famfo ba ya kawo ruwa. Wannan abin dariya ne ga duk ɗan gari. Ƙishirwar Damagaram ta girmi kowa a gidan. Tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma duk da rijiyoyin Gogo da Machaya da na Arunguza da ayyukan da suka biyo baya, yaran garin sun tashi da sanin muryar ƴan ga-ruwa kamar yadda suka san kiran salla. Wanda zai sayi gida a Birni bai san haka ba, to, jarka ba ita ce babbar matsalarsa ba. Amma aka ɓoye su. Aka goge kan famfon har yana ƙyalli, aka ɗauke shi hoto shi kaɗai kamar ango.

Turmi da murhu sun fi wuya. Murhun duwatsu uku ne da suka yi baƙi ƙirin, bangon da ke bayansa kuma hayaƙin shekaru ya yi masa wani sheƙi da fenti ba zai iya kwaikwaya ba. An ture duwatsun, an share toka, amma baƙin bangon ya ƙi tafiya, sai aka jingina tabarma a kai. Randunan da ke binne rabi a ƙasa a inuwar darbejiya, Inna ta ce ba a taɓa su sai ta ga dalili. Mushe ya zauna a bakin ƙofarta bayan la'asar, ya daɗe yana kewaye-kewaye, kafin ya ce:

“Inna, na kwana biyu ne kawai. Da an gama za a mayar.”

“Za a mayar da randa,” in ji ta. “Na ji.”

Ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba.

Ɗakinta shi ne inda aka yi ta ta ƙare. Jere ne irin na da, daga ƙasa har kusa da rufi: tasoshi, da langa-langa masu furanni, da fanteka, da kwanonin da aka kawo mata ranar aure da waɗanda ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi. Wanda bai sani ba zai ce ado ne kawai. Ga matan zamaninta kuwa asusu ne, kuma gadon ƴaƴa mata ne, kuma shaida ce ta cewa mace ba ta zauna hannu rabbana ba. Dillali ya ce ɗakin zai fi faɗi a hoto in an sauke su. Mushe ya ce ba za a ɗauki ɗakin ba sam. Suka yi ta ja, har aka tsaya a kan cewa za a ɗauki ɗakin da ke kusa da shi, wanda girmansu ɗaya kuma babu kowa a ciki, a rubuta cewa akwai irinsa biyu. Wannan ne kaɗai wurin da tsohon malamin ya ɗaga murya a duk kwanakin nan, kuma ya yi daidai.

Sannan ga tsagar bango. A kusurwar gabas ta babban soro, inda indararo ya karye shekaru uku da suka wuce ba a gyara ba, ruwa ya bi jikin gini ya buɗe wata tsaga da hannun yaro zai shiga. Dillali bai ce a yi ƙarya ba. Dillalai ba su cika faɗin haka ba. Cewa ya yi a yaɓe wurin da ɗanyen laka a shafa farar ƙasa, ko kuma mai ɗaukar hoto ya tsaya ta inda bishiya za ta kare. A nan ne karatun zaure ya yi wa karatun lakwal rana. Duk wanda ya zauna gaban malami a babin ciniki ya san cewa a mazhabar Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano an rufe masa. Malaman da suka rubuta wannan ba su san kamara ba, amma sun san mai zuba busasshen hatsi a saman jiƙaƙƙe, kuma tsayawa a bayan bishiya ɗan'uwan wannan ne. Akwai bambanci tsakanin share gida da rufe ciwonsa, kodayake iyakar tana da siriri, kuma kowane mai sayarwa yana jin sha'awar matsar da ita taku ɗaya. Yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta, kwalliya ce. Laka a kan tsaga ba tare da an ɗaure ginin ba, wani abu ne daban. Mushe ya ce a ɗauki tsagar, a sa ta cikin hotunan. Dillali ya yi shiru irin na wanda yake lissafin abin da zai ragu a la'adarsa.

Aka kira wani tsohon magini ya duba. Ya zo da sandarsa, ya ƙwanƙwasa bango yana saurare kamar likita, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma da yake azara ba ta iya haye wuri mai faɗi ita kaɗai, magina na da suka ɗaure ta cikin laka suka tayar da bakuna da suka haɗu a tsakiya, suka ɗora tulluwa a kai. Ya ce ginin lafiyarsa lau, tubalinsa na ƙwarai ne, kusurwar ce kawai ke neman a sake ta, kuma rufin yana neman abin da aka hana shi shekara da shekaru, wato kulawa kafin kowace damina. Ya lissafa abin da ake yi a da: makuba daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Marina sun ragu, majema sun ragu, masu sanin haɗin sun fi su raguwa. Da ya ji dillali yana shawarar a watsa wa fuskar gidan siminti a shafa fenti mai haske don hoto ya fito, sai ya yi tsaki. Siminti a kan laka, in ji shi, kamar rigar leda ce a jikin mai zufa: danshi ya shiga ta sama ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana fatar ta zubo gaba ɗaya. Gidaje da yawa a Birni da Zango ta haka suka tafi, suna sheƙi har ranar da suka faɗi.

Fuskar gidan kuwa ita ce dukiyarsa. Zankwaye huɗu a saman zaure, ɗaya ya guntule. A kewayen ƙofa akwai zane mai tudu, dagi a tsakiya, da wasu igiyoyi da suka sarƙe suka hau har sama, da sauran launin da rana ta sha. Irin wannan zane shi ne tallar mai gida a zamanin da Damagaram take zangon fatake tsakanin Tarabulus da Kano, zamanin da Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a garin, zamanin da attajirai irin su Malam Yaro suke da wakilai a ƙasashe masu nisa. Wato gidan Bahaushe ma ya san talla, sai dai a waje yake yin ta: ya ƙawata abin da ya yarda a gani, ya tsare sauran. An wanke zanen da tsumma da ruwa kaɗan, ba a ƙara masa komai ba.

Ranar ɗaukar hoto, jikar gidan ce ta riƙe salula, wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou, domin Mushe ya ce namiji baƙo ba zai zaga cikin gida da kamara ba. Ta san aikinta. Ta ce a fara da hantsi kafin rana ta take, saboda hasken tsakar rana yana baje zane ya mai da shi kamar bango sumul, na gefe kuwa yana fito da tudu da kwari. Ta ce a yi sauri kafin hazon hunturu ya sauka ya mai da sama fara fat. A cikin ɗaka ta buɗe ƙofa da ƴar taga, ta tsaya a kusurwa, ta riƙe salular daidai ƙirji don kada bango ya karkace. Akwai wani maɓalli da ke buɗe idon kamara ya haɗiye ɗaki duka, ya mai da ƙaramin ɗaki kamar fada. Ta gwada sau ɗaya, ta nuna wa kakanta, ya ce a bar shi. Abin da bai sani ba sai daga baya shi ne, tun ranar farko, kafin a taɓa ko tsinke, yarinyar ta riga ta zaga gidan ta ɗauki komai yadda yake: jarkoki, murhu, awaki a turke, da jeren Inna da izinin Inna. Waɗannan ba ta tura wa kowa ba.

A nan akwai abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya a kai. Baƙi sun daɗe suna kallon Damagaram. Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, har yau ana nuna gidan da aka ce ya zauna a Birni. Bayan Faransawa sun ci garin a 1899, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, masu kamara sun biyo baya, suka bar katunan hoto na ganuwa da fada da kasuwa da mahaya dawaki. Kusan duka daga waje ne. Yadda tsakar gida take, inda ake ajiye randa, yadda ake jera kwano, tazarar murhu da rumbu, duk wannan ya tsira daga idon baƙo, kuma saboda haka bai shiga taskar tarihi ba. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki a jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Agadas ta sami shiga a 2013, Damagaram ba ta samu ba. Kafin a gama cike takardu, gidajen suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu ruwa ya ci, wasu magada. Abin mamaki shi ne, da yawa daga hotunan cikin gidajen Birni da ake da su a yau suna cikin salular dillalai, an ɗauke su ne a ranar da aka kwashe duk abin da ya sa suka zama gidaje, kuma ana goge su da zarar an biya la'ada. Babu laifi ƙungiya ta nemi dillalan unguwarta ta roƙi kwafi, ko malamin tarihi ya tura ɗalibansa mata, waɗanda su ne ke da izinin shiga, su yi abin da jikar nan ta yi ba tare da an sa ta ba.

Hotuna goma sha huɗu aka tura, har da na tsagar. Cikin mako guda an sami masu tambaya da dama. Ɗaya ne kawai ya yi maganar zanen ƙofa, shi ma don ya ji ko za a iya cire shi a kai wani wuri. Sauran tambayarsu iri ɗaya ce: mita nawa ne tsawo, nawa ne faɗi, akwai takardar mallaka, babbar mota za ta iya kawo bulo har ƙofa? Gidajen Birni ba su san murabba'in mita 20 da 20 na sababbin unguwanni ba. Sun bi dutse, sun bi maƙwabci, sun lanƙwasa inda lungu ya lanƙwasa, don haka sai da aka nemo mai awo. Wani ya ce a rage masa kuɗin rushewa da kwashe ƙasa. Kwana huɗu aka yi ana gyara gida don mutanen da fili suke gani.

Sai wata ƙanwar Mushe da ke aure a Kano, wadda ta fi kowa matsa lamba a sayar, ta bugo waya da dare. Ta ga hotunan a zauren iyali, ta ce ba ta gane ɗakin mahaifiyarta ba sai da ta ga gurbin ƙusa inda madubi yake a da. Ta tambaya ko gaskiya ne abin da mijinta ya faɗa, cewa a shari'a abokin tarayya a gida yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi rabon da aka sayar wa bare a kan farashin da baren ya biya. Mushe ya ce haka ne, amma shuf'a da kuɗi ake yin ta, kuma bayan saye akwai magini, akwai makuba duk shekara. Ta ce ta sani, a ba ta zuwa bayan salla ta ga abin da za ta iya haɗawa, kada a karɓi kafin alƙalami daga kowa. Biyu daga cikin magada sun ce ba za su jira ba, suna da bashi a kansu, kuma ba za a ce ba su da gaskiya ba.

Washegari Inna ta aiki yara su maido da awaki da jarkoki. Duwatsun murhu kuwa an rasa ɗaya a cikin hidimar, sai aka ɗauko wani daga bayan gida, wanda ya ɗan fi sauran tsawo, tukunya tana zama a kai a karkace.